Gaisuwar Baba Dauda da Idon Masaƙa

Kudenda, Kaduna
18 ga Mayu, 1987

Ƙanena Shekari,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila, yaya kuma tarin nan da ka ambata lokacin Kirsimeti ka koma ka yi shiru a kansa? Maigidana Wilson yana gaishe ka, yara ma haka. Na je Kakau makon jiya, na tarar da mamarka a gona tana shuka masara da bayan nan nata da likita ya ce ta hutar da shi. Na yi faɗa, ta ce ranar da likita ya zo ya yi mata shukar sai ta kwanta. Baba Dauda ma yana gaishe ka. In ka manta da shi, shi ne tsohon marinin masaƙarmu, mutumin Makera, wanda ya koya mini aiki tun ban san baba da shuni ba, wanda kuma yake saya maka rake duk ranar da ka kawo mini abincin rana.

Na san ka riga ka tsallake duk wannan, kana neman inda magana ta fara. Wasiƙarka ta ƙarshe ba ta kai tafin hannuna ba, ko "yaya gida" babu. Ni 'yar wan babanka ce, a gidana ka yi sakandare kana cin tuwona, ban cancanci wasiƙa mai kama da rasit ba. Amma bari in ajiye wannan, yau taimako nake nema.

Bara masaƙa ta sayo kwamfuta daga waje don haɗa launi. Aka tura ni kwas Legas, na dawo aka ba ni ɗakin gwaji da kujera mai juyawa. Kwamfutar tana da wani akwati a gefe da muke ce wa ido. In an kawo samfurin zane sai in sa shi ƙarƙashin idon, in danna maɓalli ya fara dubawa, in gusa zanen nan da can, sannan in danna wani maɓallin ya tsaya. Daga nan sai ta buga mini takarda, sinadari kaza awo kaza, a kai wa masu rini su haɗa. Kowace safiya kafin komai nakan nuna wa idon wani farin tangaran don ya san abin da ake kira fari, da shi yake auna sauran launuka.

Yawancin ranaku aikinta ba makusa. Amma wata rana, haka kawai, sai ta haukace, ta ba da awon da ko makaho ba zai bayar ba. Da a kan ƙananan ayyuka ne, mukan sake rini mu yi shiru. Sai ga matan zumunta na ikilisiyoyi uku sun haɗu sun ba mu aikin ankon babban taronsu, shuɗi mai duhu. Abin da ya fito daga tukunya kore ne, irin na miyar kuka, kuma sai da aka rina bandir ya fi talatin kafin wani ya ɗaga kai ya duba. Ni ma ina cikin zumuntar. Ranar Lahadi na shiga coci kamar wadda ta saci baiko.

An kira injiniya daga Legas. Ya kashe ta, ya kunna ta, ya nuna mata tangaran, ta yi ta aiki lafiya lau a gabansa kamar yaron da baƙo ya zo gidansu. Ya ci tsirenmu, ya rubuta cewa laifin mai dannawa ne, ya hau jirgi. Tun ranar Mista Ernest, manajan sashenmu, yake kallona ta saman tabarau.

Kai ne kake karatun cikin waɗannan injuna. Ga kwafin littafinta na haɗo maka. Ka gaya mini abin da ke damunta, kuma ka gaya mini da Hausar da zan gane.

Yayarka,
Juliana

Manchesta
9 ga Yuni, 1987

Yaya,

Na samu. Tari ya tafi. Ki ce wa Mama ta ajiye fartanya.

Kwamfuta ba ta haukacewa, kuma ba ta yin komai "haka kawai". In abu ya yi daidai yau ya ƙi gobe, to akwai abin da ya raba yau da gobe, ke ce ba ki gan shi ba. Littafin da kika aiko bai taimaka sosai ba, na masu dannawa ne, ba na masu buɗe ciki ba.

Ki lura da waɗannan. Wuta tana rawa a ranakun da abin ke faruwa? Ɗakin ya fi zafi? In an kashe ta an sake kunnawa, hankalinta yana dawowa? Ki sa ido ki ga me ya canja a ɗakin a waɗannan ranaku, wa ya shiga, wa ya fita, me aka taɓa. Zargina shi ne akwai abin da ke taɓa ƙwaƙwalwarta a inda bai kamata ba.

Batun gaisuwa kuma, Yaya, takardar jirgi da ake rubuta wasiƙa a kai shafi ɗaya ce. In na cika ta da ina gajiya da yaya ruwa, ina zan sa amsar da kika tambaya? A nan malamina yakan wuce ni a bakin ƙofa ya ɗaga gira, an gaisa ke nan, kuma ba wanda ya mutu. Ina cikin jarabawa.

Shekari

Kudenda, Kaduna
6 ga Yuli, 1987

Shekari,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ko da yake yau sai da na tilasta wa hannuna. Muna lafiya. Masarar mamarka ta yi kyau, ruwa bai yi mana rowa ba bana. Ba zan ce maka Baba Dauda yana gaishe ka ba, don rabona da ganinsa ya kai mako biyu, kuma kai ne sanadi.

Da wasiƙarka ta zo na yi murna, na ce ga mai ilimi daga Ingila ya ce ba hannuna ba ne. Na ɗauka na kai wa Mista Ernest. Ya karanta, ya wuce batun wuta, ya wuce batun zafi, ya sa yatsa a kan "wa ya shiga, wa ya fita", ya sake sa shi a kan "akwai abin da ke taɓa ƙwaƙwalwarta". Ya naɗe takardar ya miƙo mini yana murmushi, ya ce ƙanena yana da kai. Da ka ƙara layi biyu ka faɗi abin da kake nufi, da ba mu kai nan ba. Amma ina, kana tattalin takarda.

Daga ranar ya sa ido a ƙofata. Abin ya sake faruwa sau biyu a watan jiya, kuma duka biyun a ranakun da Baba Dauda ya leƙo ne. Mista Ernest ya tambaye ni ko tsohon ya zo ranar ankon zumunta. Ba zan yi ƙarya ba, ya zo.

Ka san kafin kwamfuta Baba ne ke haɗa launi da idonsa. Da ta zo aka mayar da shi mai lura da tukwanen rini. Shi ke nan, labari ya haɗu: tsoho yana jin haushin injin da ya karɓe masa aiki. Wasu sun ce maganaɗisu yake sakawa a aljihu, wasu sun ce laya. Ka kuma san yadda garin nan yake tun rikicin addinin da ya faru a watan Maris, kowa yana kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. A ce Musulmi ya lalata ankon matan coci, ai wannan magana ba ta bukatar mota, da ƙafarta take zuwa Kamazou ta dawo. Na ji ta a bakin matan da muke waƙa tare, har na tanka wa ɗaya daga cikinsu abin da sai da fasto ya shiga tsakani.

An dakatar da shi. Kwamiti zai zauna ƙarshen Agusta. In suka ce shi ne, za a kore shi a matsayin mai zagon ƙasa, bayan ya ba masaƙar nan ƙuruciyarsa da idanunsa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni na miƙa musu sandar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan ko tabarmar bakin ƙofa ba ya ƙetarewa. Tsoron kwamfutar ma yake, yana ce mata Baturiya. In ya zo, a bakin ƙofa yake sallama. Ni kuwa ba zan bar dattijo a tsaye ina juya masa ƙeya ina danne-danne ba, ba haka aka rene ni ba, kai ma ba haka na rene ka ba. Nakan tashi nan take in zo in russuna. Ya tambayi Wilson, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi mamarka da bayanta da ruwan Kakau, ya tambaye ka. Sannan in tambayi gwiwarsa, da matarsa Dije, da akuyarta mai cin sabulu. Ka san shi, in ya kama gaisuwa sai ya ga ƙarshenta. Zanen kuwa nakan bar shi ƙarƙashin ido yana ta dubawa, don kada aiki ya tsaya, ai yawan dubawa ƙarin kyau ne. In ya tafi in koma in danna ya tsaya. Iyakar abin ke nan. Mista Ernest kansa ya fi shi shiga ɗakin, har ya jingina da teburin, amma shi "morning" ɗaya yake jefowa ina aikina.

Wuta ba ta rawa, muna da janareta. Ɗakin da sanyi. In an kashe ta an kunna, hankalinta yana dawowa. Ga amsoshinka nan, tun da su kaɗai kake karantawa. Ka fitar da tsohon nan daga ramin da alƙalaminka ya haƙa.

Yayarka,
Juliana

Kudenda, Kaduna
10 ga Agusta, 1987

Shekari,

Ina gaishe ka, in kana raye. Kullum Wilson sai ya biya gidan waya, har masu aikin wurin sun fara yi masa dariya.

Abin ya ƙara lalacewa. Tun da aka dakatar da Baba Dauda kwamfutar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Mista Ernest yakan shigo ya shafa kanta kamar mai doki, ya ce, "Madam, kin gani ko? Case ya ƙare." Ni da nake addu'a ta yi aiki, yanzu addu'a nake ta haukace, ta ƙi.

Ranar Asabar Dije ta zo gidana. Tun daga Makera, da rana tsaka, ga ta ba yarinya ba. Na ɗauka roƙo ta zo yi, na shirya kunya. Ba ta roƙi komai ba. Ta sha ruwa, ta yi wasa da yara, sai da za ta tafi ta ce Malam ya daina bin babban titi in zai je masallaci, ta lungu yake bi, don yaran masaƙa suna nuna shi. Ta ce kuma ya aiko ta ta tambaya ko ɗan Ingila ya ci jarabawarsa.

Ka ji? Mutumin da layinka ya kayar, jarabawarka yake tambaya. Na ce mata ka ci, ban ma sani ba.

Kwamiti yana nan ƙarshen wata. In ba ka da amsa, ka rubuto ka ce ba ka da ita, in san cewa ni kaɗai zan shiga ɗakin nan.

Juliana

Manchesta
21 ga Agusta, 1987

Yaya,

Na canja ɗaki bayan jarabawa, sai jiya na je tsohon gidan na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na ba Abubakar wannan, ɗalibi ne ɗan Tudun Wada da zai taso gobe, zai kawo miki hannu da hannu.

Na ce ki duba wa ya shiga, ban ce ki kai wa manaja ba. Ke nake rubuta wa, ba shi ba. Amma bari, ba lokacin wannan ba ne. Ina jin na ga abin, kuma a cikin faɗan da kika yi mini na gan shi.

Tsakanin idon da kwamfutar akwai wani ɗan shiri da masu injin suka rubuta. A nan direba ake ce masa, ke ki ɗauke shi ɗan aike. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da ido ya gani, lamba bayan lamba, ya zuba a wurin da aka ware masa cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ki ɗauki ƙwaƙwalwar kamar kwanonin mai awo a kasuwa, jere, baki da baki. Ɗan aiken nan kwano ɗaya aka ba shi. Littafinki ya ce dubawa ba ta wuce rabin minti, don haka wanda ya rubuta shi ya yi kwanon da zai ɗauki na minti ɗaya ko biyu, ya ce ai ya ishi kowa. Abin da nake zargin bai yi ba shi ne ya koya wa ɗan aiken ya riƙa leƙawa ya ga ko kwano ya cika. Sai ya yi ta zubawa, kwano ya cika, ya malala cikin na kusa. Ba kuma mai tsawata masa, don shi ɗan cikin gida ne. A cikin babban shirin da ke tafiyar da kwamfutar yake zaune, an yarda da shi, duk inda ya rubuta ba mai hana shi.

In zatona daidai ne, kwanon kusa shi ne inda take ajiye awon farin tangaran na safe. In shuɗin zane ya zube a ciki, ita a wurinta fari ke nan, duk abin da ta auna bayan haka a karkace zai fito. In an kashe ta komai ya goge, shi ya sa injiniyanku bai ga komai ba. Mista Ernest bai taɓa jawo abin ba don gaisuwarsa ba ta cika kwano. Baba kuwa ko rijiya aka ba shi zai cika. Ba maganaɗisu, ba laya. Wanda ya rubuta shirin nan bai taɓa tsayawa gaisawa da dattijo ba, shi ke nan.

Ban ga cikin shirin da idona ba, zato ne. Ga yadda za ki gwada. Ki nuna mata tangaran da safe kamar kullum. Ki sa zane mai duhu, ki danna ya fara dubawa, kowa ya fita, a kulle ƙofa, makulli a aljihun manaja. A jira kamar tsawon gaisuwar Baba. Ki dawo ki tsayar da shi, ki sake sa tangaran ɗin, ki tambaye ta launinsa. In ta ce fari ne, na yi kuskure. In ta ce wani abu daban, to ta kama kanta da kanta, Baba yana Makera.

Ki fara gwadawa ke kaɗai kafin ki kira kowa. Don Allah wannan karon kada ki kai takardata ofis.

Na ci jarabawar, ba ki yi ƙarya ba.

Shekari

Kudenda, Kaduna
14 ga Satumba, 1987

Ƙanena Shekari,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Mamarka ta fara cin ɗanyar masara, ta aiko mana da buhu, ta ce in gaya maka fartanyarta tana gaishe ka. Abubakar ya kawo saƙo ana jibi za a zauna, yaro mai ladabi, ya zauna ya gaisa da kowa. Ashe ba Ingilar ce ke hana mutum ba.

Na gwada ni kaɗai kamar yadda ka ce. Na sa shuɗin zane, na fita na tsaya a baranda, na yi ta gaisawa da Baba a cikin raina don in auna lokacin, har da akuyar Dije. Na koma na sa mata tangaran. Ta ce rawaya ne. Tangaran ɗin da ta sani kamar yunwar cikinta. Na zauna a kujerar nan mai juyawa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Shawo kan Mista Ernest ya fi gwajin wuya. Ya ce shi ba ya son dogon labari. Na ce masa ba labari na kawo ba, makulli na kawo, ya riƙe. Ranar zama na roƙi kwamiti su sauko ɗakin gwaji, har da mutumin ƙungiyar ma'aikata. Na sa zane, na danna, muka fita, Mista Ernest ya kulle da hannunsa ya sa makulli a aljihu. Sai ga manyan mutane shida tsaye a baranda, ba wanda ya san abin da zai ce wa ɗan'uwansa. Wannan ya duba agogo, wancan ya duba takalminsa. Lokacin da Baba ke cikawa bai ma sani ba, su ya gagare su.

Da muka shiga ta ce tangaran rawaya ne. Mista Ernest ya ce a sake. Aka kashe, aka kunna, aka sake, wannan karon da jan zane, ta ce kore ne. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Okay." Iyakar haƙurin da aka ba Baba Dauda ke nan, shi ma ba a gabansa ba.

An mayar da shi bakin aikinsa. Matan da suka yaɗa maganar yanzu kowace ta ce ita dama ba ta yarda ba. Sun yi taronsu da koren ankon, har wasu na cewa ya fi shuɗin kyau. Masu injin kuma sun amso ta waya cewa za su gyara a sabon faifai baɗi, kafin nan mai dannawa ta bi littafi. Ba su ce sun yi kuskure ba. A wurinsu kwanonsu daidai yake, mu ne muka cika surutu.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi maka godiya na rufe takarda. Amma Mista Ernest ya sa an manna sanarwa a ƙofata, da manyan baƙaƙe, cewa an hana gaisuwa a wannan ɗaki in ido yana kunne. Ya kira Baba ofis, ina tsaye, ya yi masa bayanin kwano da malala, da nufin ya kwantar masa da hankali. Baba ya saurara har ƙarshe, hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "To, ashe dai ni ne."

Na ce ba shi ba ne, injin ne aka ƙera da rowa. Ya ce, "A'a, 'yata. Da suka ce na yi mugunta, na san ban yi ba, ina barcina. Yanzu sun ce gaisuwata ce, wannan kuwa na yi."

Tun ranar bai sake tsayawa a ƙofata ba. Yakan wuce ta taga ya ɗaga hannu, kamar malamin nan naka mai gira. Na jure mako guda, na ga ba zan iya ba. Yanzu kowace safiya ni nake sauka wajen tukwanen rini in same shi, cikin tururi da warin sinadari. Ran farko na russuna na ce, "Baba, ina kwana?" Ya dubi bayana, ya dubi hanyar ɗakin gwaji, ya rage murya ya ce, "Kin kashe idon?"

Kullum haka yake yi. Sai na ce na kashe, sannan ya saki jiki ya tambayi Wilson da yara. Shekari, haushin wannan tambaya ya fi mini haushin dakatarwar. Ka fitar da shi daga rami, na gode, Allah ya ƙara basira. Amma tsohon da duk masaƙar nan ta san shi da gaisuwa, yau sai ya nemi izinin inji kafin ya ce lafiya lau.

Jiya ya tambaye ka. Ya ce wane saƙo ɗan Ingila ya aiko masa? Na duba wasiƙunka biyu a raina, daga sama har ƙasa. Na ce masa takardar jirgi shafi ɗaya ce.

Yayarka,
Juliana

Manchesta
3 ga Oktoba, 1987

Yaya Juliana,

Wannan ba taki ba ce. Ki kai wa Baba Dauda wajen tukwane, ki karanta masa a hankali, kada ki tsallake komai.

Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya aiki, yaya tururin rini? Yaya gwiwar, ta dama ce ko ta hagu, Yaya ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Yaya Mama Dije, yaya gajiyar tafiya Kudenda da rana? Akuyar tana nan, ta bar sabulu ko har yanzu? Yaya yara da jikoki, yaya mutanen Makera, yaya mai raken nan na bakin ƙofar masaƙa, yana nan kuwa? Yaya ƙarshen damina, an samu gero a gida? Ni ina nan lafiya, tari ya tafi, na ci jarabawa, sanyi ya fara. A nan ba rake, Baba, kuma ba mai tsayar da mutum a hanya ya tambaye shi uwarsa. Na yi wata uku ba wanda ya tambaye ni ko na kwana lafiya, ban ma lura ba sai da na karanta wasiƙar Yaya.

Aikin da nake koyo shi ne rubuta irin ɗan aiken nan. In Allah ya dawo da ni, nawa zai riƙa leƙa kwano, in ya cika ya tsaya ya jira a gama gaisawa.

Shafin ya cika, na malala bayan takarda inda aka ce kada a yi rubutu. In mai gidan waya ya karanta, shi ma ina gaishe shi, yaya iyali. Baba, a nan ba ido a kunne. Ka amsa mini duka, ka sa Yaya ta rubuta, ko takarda nawa za ta ci.

Ɗanka,
Shekari